Ruwan sanyaya yana raguwa a motata mai lantarki, amma ban ga ɗigo a ƙasa ba

"Assalamu alaikum Injiniya. Shekara 4 ke nan ina hawan mota mai lantarki, ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Wata 2 da suka wuce sai ta nuna min saƙo a allo cewa ruwan sanyaya ya yi ƙasa. Na buɗe na ƙara mata, saƙon ya ɓace. Yanzu ga shi ya dawo. Na duba inda nake ajiye ta ban ga ko ɗigo ba, in ban da wani farin ruwa da nakan gani wani lokaci bayan na gama caji. Wani abokina ya ce in zuba mata garin toshe lagireto irin wanda ake zuba wa motar fetur. In zuba? Kuma wannan gyaran zan iya yi da kaina, ko kowane makanike zai iya?"

Wa alaikumus salam. Malam, bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka zuba garin nan, kuma ka dakata da ƙara ruwa tukuna. Abin da na fahimta daga bayaninka shi ne ruwa ya ragu sau biyu cikin wata biyu, ka ƙara ya sake tafiya, ƙasa kuma a bushe take. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to a wannan motar ba ya raguwa banza ma. Hanyarsa a rufe take, ba ya ƙonewa, ba ya fita ta salansa tunda babu salansar. Duk abin da ya ragu a robar ruwa yana nan wani wuri, kuma aikin gaba ɗaya shi ne a gano wurin. Da ka ce min ka ga tabki a ƙarƙashin motar, da hankalina ya fi kwanciya.

Me ruwa yake yi a motar da ba ta ƙona mai

Mutane da yawa sukan yi mamaki idan suka ji motar lantarki tana da lagireto. Tana da shi, wata ma biyu gare ta. Batirin litiyam ya fi son zama tsakanin digiri 15 zuwa 35. Idan ya wuce haka yana saurin tsufa, idan ya yi sanyi sosai ba ya karɓar caji da sauri. Inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin wadda injin lantarki ke sha, ita ma tana ɗaukar zafi, haka injin kansa, haka cajar da ke cikin motar, haka na'urar da ke rage ƙarfin wuta ta cika ƙaramin batir mai bolt 12. Duk waɗannan ruwa ne yake bi ta jikinsu ya kwashe zafin. A yawancin motocin ruwan haɗi ne na gilaikol, wato sinadarin da ke hana ruwa daskarewa ko saurin tafasa, da tataccen ruwa, rabi da rabi, kamar dai na motar fetur, sai dai sinadaran hana tsatsa da aka sa a ciki sukan bambanta.

Ba duk motocin ne tsarinsu ɗaya ba, shi ya sa rashin faɗin samfurin taka ya ɗan ɗaure min hannu. Nissan Leaf da ta fito a 2010 babu ruwa a cikin batirinta, ruwanta na injin ne da inbata da caja kawai. BMW i3 kuwa iskar esi, wato gas ɗin da ake ɗura wa na'urar sanyaya cikin mota, ita ce take bi ta cikin batirin kai tsaye. Amma mafi yawan motocin da ake ƙerawa yanzu suna da faranti na alminiyum a ƙarƙashin ƙwayoyin batir ko a tsakaninsu, masu siraran hanyoyi da ruwa ke bi. Wasu motocin robar ruwa ɗaya gare su, wasu biyu, ɗaya ta batir ɗaya ta inji. Tesla Model Y da ta fito a 2020 tana da bawul guda mai ƙofa 8 wanda yake juya ruwan duk inda kwamfuta ta ga dama, wani lokaci ya haɗe hanyoyin, wani lokaci ya raba su.

Akwai bambanci guda da motar fetur wanda yake rikita har gogaggun makanikai. A motar fetur ruwa yana kaiwa digiri 90 ko fiye, yana cikin matsi, saboda haka ƙaramar ɓula ma sai ta yi tsartuwa, ka ga tururi, ka ji wari. A motar lantarki ruwan ɗumi-ɗumi ne kawai, matsinsa kaɗan ne. Yoyonsa naso ne, a hankali, babu hayaniya. Kuma famfunan ruwan na lantarki ne, ba bel ke juya su ba, suna iya tashi da kansu cikin dare motar tana caji. Wato mota tana iya yin yoyo a lokacin da kake barci, da safe ka tarar wurin ya bushe.

Farin ruwan da kake gani bayan caji

Wannan kusan ina da tabbacin ba shi ne matsalarka ba. Lokacin caji, musamman mai sauri, motar takan kunna kwampireson esi don ta sanyaya ruwan batir, bututun su yi raɓa, raɓar ta ɗiga ƙasa. Ka shimfiɗa farar takarda ko kwali a wurin ka gani. Ruwan raɓa ba shi da launi, ba shi da wari, yana bushewa bai bar komai ba. Ruwan sanyaya yana da launi, shuɗi ko kore ko ruwan hoda ko ruwan goro, yana da santsi idan ka murza shi tsakanin yatsu, yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma idan ya bushe yakan bar farin gari ko tabo mai launi. Kada ka ɗanɗana, na san makanikai da ke da wannan ɗabi'ar. Gilaikol guba ne mai lalata ƙoda, kuma zaƙinsa ne yake jan yara da dabbobi, don haka duk inda ya zube a goge shi nan take.

Inda ruwa yake ɓuya

Kafin mu tsorata kanmu, akwai dalili guda marar haɗari. Idan an taɓa hanyar ruwan kwanan nan, an canza ruwa ko famfo ko tiyo, iska takan maƙale a wani lungu. Bayan 'yan kwanaki iskar ta fito, ruwa ya cike gurbinta, sai ka ga roba ta yi ƙasa. Wannan sau ɗaya yake faruwa ya tsaya. Kai ba ka ce an yi mata aiki ba, kuma sau biyu ya faru, don haka na ajiye wannan gefe.

Wuri na farko da nake zargi shi ne faifan da aka rufe ƙarƙashin motar da shi. Motocin lantarki a rufe suke daga ƙasa, gaba da baya, don iska ta riƙa zamewa. Wasu faifan ma akwai wani abu kamar bargo a jikinsu mai tsotse ruwa. Sai tiyo ya yi wata guda yana ɗiga a kan faifan nan, bargon yana shanyewa, iskar tafiya tana busarwa, kai kana duba ƙasa kana cewa lafiya lau. Cikin motoci da yawa da aka kawo min da irin kukanka, a nan maganar take ƙarewa: lagireto da tsakuwa ta huda, ko mahaɗin roba irin wanda ake turawa ya yi ƙas, zoben robar da ke cikinsa ya taurare, ko famfon da ya fara naso ta gindi, ko robar ruwan kanta ta tsage a wurin haɗi. Ɓera ma yana yin nasa, tiyo da waya duk ɗaya ne a wurinsa. Idan abin naka a nan yake, ka gode wa Allah, aikin yini ɗaya ne.

Wuri na biyu cikin motar ne. Wasu motocin suna ɗuma ɗaki da ruwa, akwai ƙaramin lagireto a bayan dashbod. Idan ya yi yoyo za ka ji ƙamshin zaƙin nan a ciki, gilashi ya riƙa yin hazo mai maiƙo, kafet ɗin gaba ya jiƙe daga ƙasa. Ka ɗaga kafet ka sa hannu, don sama takan bushe ƙasa tana jiƙe.

Daga nan sai wuraren da ido ba ya kaiwa, kuma su ne suka sa na ce ka dakata da ƙara ruwa. Akwai wata 'yar na'ura da ruwa da iskar esi suke wucewa kafaɗa da kafaɗa, siririn ƙarfe ne kawai tsakaninsu. Idan ta tsage, tunda iskar esi ta fi matsi, ita ce takan kutsa cikin ruwan. Sai ka ga kumfa a roba, ko maiƙo yana yawo a sama, ko ruwa ya yi ambaliya ta murfi, esi kuma ya rage sanyi. Akwai irinta tsakanin ruwa da man giya. Ita kuma idan ta tsage man yakan koma fari-fari mai kauri. Sai injin lantarkin kansa. Wasu injinan ruwa yana bi ta cikin sandar da ke juyawa, sil guda, wato zobe mai hana yoyo, shi ne yake tsare shi. Babban injin da aka sa wa Tesla Model S tun daga 2012 sananne ne da wannan a wurin masu gyara: idan sil ɗin ya cinye ruwa yakan shiga cikin injin, ya ci boris, wani lokaci ya isa inbata. Masu gyara sukan zare sansar gudu, wato 'yar na'urar da ke auna juyawar injin, su duba ko ta jiƙe. Idan an kama shi da wuri sil da boris za a canza. Idan aka bari aka yi ta ƙara ruwa, inji sukutum za a nema.

Na ƙarshe, kuma mafi muni, shi ne cikin akwatin batir. Akwatin nan an toshe shi don kada ruwan sama ko na hanya ya shiga. To abin da ya hana ruwa shiga shi ne zai hana shi fita. Idan faranti ya tsage ko wani mahaɗi na ciki ya saki, ruwan zai taru a ƙasan akwati, ba za ka taɓa ganin ɗigo ba. Ruwan sanyaya na yau da kullum wuta tana bi ta cikinsa. Batirin motar yana ɗauke da bolt 400, wasu 800 kamar Porsche Taycan da Hyundai Ioniq 5. Idan ruwan ya haɗa wurare biyu masu wuta, zai fara da cin ƙarfe a hankali, ya fitar da iskar haidurojin, ya bar wani gishiri mai ɗaukar wuta ko bayan ya bushe, daga nan sai zafi. Kuma ba ya nuna kansa nan take. A watan Mayu na 2011 hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka ta yi gwajin karo da wata Chevrolet Volt, aka buga ta daga gefe sannan aka jujjuya ta. Batir ya samu rauni, hanyar ruwa ta fashe. Aka ajiye motar a fili. Sai bayan kusan mako 3 ta kama da wuta, ta ƙone motocin da ke kusa da ita. A farkon 2012 kamfanin ya ƙara ƙarfe a gefen batirin, ya sa sansa mai lura da yawan ruwa a roba, ya kuma sa wa murfin robar abin da zai hana mai mota buɗewa. Ka lura da wannan na ƙarshen. Littafin Tesla ma ya ce mai mota kada ya buɗe murfin ya ƙara ruwa da kansa. Dalili guda da nake gani a nan shi ne saƙon da ke fitowa a allo shi ne kaɗai bakin da motar ke da shi na faɗa maka ruwa yana tafiya. Duk lokacin da ka ƙara ruwa ka toshe mata baki, kuma idan cikin batir yake zuba, ka ƙara masa guzuri.

Yadda nake bin sawunsa

Ba na fara taɓa sufana. Kwamfuta nake fara jonawa, in karanta duk abin da motar ta ajiye, har wanda bai fito a allo ba. Abin da nake nema da farko shi ne ko wutar babban batir ta fara zurarewa zuwa jikin mota. Motar tana auna wannan da kanta a kowane lokaci. Ƙa'idar duniya ta ce ƙarfin kariyar da ke raba wutar da jikin mota, wanda ake aunawa da om, kada ya gaza om 100 a kan kowane bolt a ɓangaren batir, om 500 a ɓangaren wutar da ke zuwa inji. Mota mai lafiya kuwa miliyoyin om take nunawa. Idan na ga lambar ta faɗi, ko tana hawa tana sauka, ko na ga lambar matsala P0AA6, kuma ga ruwa yana ɓacewa, to na daina kallon abin a matsayin yoyo. Motar ba za ta kwana a cikin gareji ba. Waje za ta kwana, nesa da gini da sauran motoci kamar mita 15, ba caji.

Idan wannan lafiya, sai a ɗaga motar a kwance faifan ƙasa duka. Tocila mai haske da ɗan madubi su ne kayan aikin. Ba ruwa nake nema ba, sawunsa nake nema: farin gari a gindin mahaɗi, tabo mai launi a kan alminiyum, wurin da ƙura ta manne ta yi danƙo alhali kewayensa a bushe. Kuma in na samu sawun sai in bi shi sama da gaba, don ruwa ƙasa yake gangarowa, iska kuma baya take kora shi. Inda ya taru da wuya ya zama inda ya fito.

Sai gwajin matsi. Ana ɗaura famfon hannu mai agogo a bakin roba, a ɗan hura, a zuba wa allurar ido. Nan ne makaniken da ya saba da motar fetur yake yin ɓarna ba da niyya ba. Hannunsa ya saba da hurawa har matsi ya kai bar 1 da wani abu a agogon. Farantin batir siriri ne, wasu motocin matsin da aka yarda a yi musu bai kai haka ba, sai garin neman gira a rasa ido. Ni ba na hurawa sai na ga lambar da kamfani ya rubuta wa wannan samfurin. Wani abin kuma, bawul ɗin da na ambata. Idan motar a kashe take, bawul yana iya rufe rabin hanyar, ka hura ka ga allura ta tsaya cak ka ce babu yoyo, alhali rabin da ke yoyon ba ka taɓa shi ba. Dole a sa kwamfuta ta buɗe bawul ɗin a yanayin gyara, ko a raba hanyoyin a gwada kowace ita kaɗai.

Bari in ba ka labarin wata da ta wahalar da ni. An kawo ta da kuka irin naka, ruwa yana sauka kamar faɗin yatsa ɗaya a wata. Kwamfuta lafiya lau. Na kwance faifai, tas. Na hura na bar ta minti 30, allura ba ta motsa ba. Na kusa cewa mai ita ya je ya ci gaba da lura, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Sai na tsaga sabon kwali na shimfiɗa a ƙasa, na bar faifan a kwance, na jona ta caji na tafi gida. Da asuba na tarar da ɗigo uku shuɗaye a kan kwalin, kowane bai fi kan ashana ba, a jere. Na bi su sama da madubi har bayan wani ƙarfe, ga mahaɗin roba mai kusurwa da ke shiga cajar cikin mota. Da na zare shi, zoben robar ya baje ya zama kamar an danne shi da guduma, ga tsaga siririya kamar gashi a jikinsa. Da rana, da zafi, robar tana kumbura ta toshe. Sai sanyin dare ya shigo, ta tsuke, famfo kuma yana aiki saboda caji, shi ne take sakin ɗigo. Tun daga ranar ba na yanke hukunci da gwaji ɗaya. Ina gwadawa da sanyi, in gwada da ɗumi, in gwada famfo yana gudu.

Akwai rinin da ake zubawa a ruwa wanda yake ƙyalli a hasken tocila ta musamman. Yana taimakawa, amma ba na sa shi sai kamfani ya yarda, don yana iya sauya yadda ruwan ke ɗaukar wuta. Ruwan wasu motocin ma da rininsa ya zo, haska shi kawai za ka yi.

Idan duk waje ya tabbata a bushe, man giya garau, esi lafiya, allura kuma tana sauka, sai in zare tiyo biyun da ke shiga batir, in toshe baki ɗaya, in gwada batirin shi kaɗai da iska kaɗan. Idan bai riƙe ba, magana ta ƙare a wurina. Buɗe akwatin batir aiki ne da ke buƙatar teburin sauke shi, don nauyinsa ɗaruruwan kilo ne, ga buƙatar wuri na musamman, da na'urar gwada toshiyar akwatin bayan an rufe. Kuma ko an cire fulogin tsaro, wato abin da ake zarewa don yanke wutar babban batir daga sauran motar, ƙwayoyin da ke ciki da wutarsu suke, babu makunnin da ke kashe su. Irin wannan nakan tura shi wurin waɗanda aikinsu ke nan kullum. Kai ma kafin ka bari kowa ya taɓa, ka duba takardunka, don kamfanoni da yawa suna ba batir garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000, kai kuwa shekara 4 kake hawan taka. Gari ko ruwan da ba nata ba da aka zuba a ciki yana iya zama hujjar da za a hana ka.

Garin toshe lagireto, da irin ruwan da ka ƙara

Abokinka ya faɗi abin da ya sani ne a motar fetur, can ma ni ba na son garin. Aikinsa shi ne ya bi ruwa ya taru a duk inda ya samu ƙaramar kafa. To hanyoyin da ke cikin farantin batir da na inbata ƙananan kafofi ne daga farko har ƙarshe. Garin bai san wadda ke yoyo da wadda ke aiki ba. Ya toshe hanya ɗaya a faranti, ƙwayoyin da ke kanta su riƙa ɗaukar zafi fiye da 'yan'uwansu, su riga su tsufa, batir kuwa ƙarfinsa gwargwadon ƙwayar da ta fi rauni ne. Ga ƙananan famfuna da bawul da zai cushe. An gudu gara ke nan an faɗa gidan zago.

Wani abin da nake so ka tuna shi ne wane ruwa ka ƙara wancan karon. Wasu samfuran Hyundai da Kia, misali, suna amfani da wani ruwa na musamman wanda wuta ba ta bi ta cikinsa sosai, an yi shi ne don ko ya zuba a batir haɗarin ya ragu. Idan aka gauraya shi da na yau da kullum wannan amfanin ya tafi. Launi kuma ba ya nuna iri, shuɗi biyu suna iya zama abu daban-daban, sai an karanta lambar da ke littafin mota. Idan ruwan famfo ka zuba, gishirin da ke cikinsa yana ƙara ɗaukar wuta yana kuma cin alminiyum. Ko wanne ne, ka faɗa wa mai gyara gaskiya don ya san ko zai wanke hanyar gaba ɗaya.

Gyaran kansa

Idan na waje ne, gyaran ba shi da wani sirri. Abin da ya lalace canza shi ake yi. Mahaɗin roba ba ya ɗaukar gam, zoben da aka zare ba a mayar da shi, tiyon da ɓera ya ci ba a naɗe shi da roba a ce an gama. Abin lura shi ne tiyon ruwa da wayoyi masu ruwan lemo maƙwabta ne, kuma duk wayar da ka gani da wannan launin ta babban batir ce. Idan aikin zai kai kusa da su, ko za a taɓa caja ko inbata ko hita mai aiki da babbar wuta, sai an kashe tsarin bisa ƙa'ida: a cire ƙaramin batir, a sa safar hannu da aka gwada ta bolt 1,000, a cire fulogin tsaro, a jira mintocin da kamfani ya ce don wutar da inbata ta ajiye ta sauka, sannan a auna da mita a tabbatar babu komai. Kafin a zare tiyo kuma nakan rufe duk mahaɗin waya da ke ƙasa da shi, don ragowar ruwa kullum sai ta zubo.

Cikawa ita ce inda aiki mai kyau yake lalacewa. Ba a tuttula ruwa ta roba kawai a rufe. Hanyoyin dogaye ne, suna da lunguna, iska za ta maƙale, wurin da iska ta zauna kuwa ba ya sanyaya komai, famfon ma idan ya juya a bushe yana lalacewa. Ana zuƙe iskar ne gaba ɗaya da na'ura har tiyo su shafe, a tsaya a ga ko allura za ta riƙe, wanda shi kansa gwaji ne na biyu, sannan a saki ruwa ya shige da kansa. Bayan haka kwamfuta ta tayar da famfuna tana juya bawul har kumfa ta ƙare. Sai a fita da motar, a yi caji, a bari ta huce, a sake dubawa. Nakan ja layi da alƙalami a jikin roba in ce mai mota ya dawo bayan mako guda.

Ka tambaya ko kowane makanike zai iya. Lagireton da tsakuwa ta huda, hannu mai kyau zai iya canzawa. Amma ka yi wa mai gyara tambayoyi kafin ka miƙa makulli: da wace kwamfuta zai tayar da famfunan, matsi nawa zai hura, wane ruwa zai zuba, ya taɓa samun horo a kan babbar wuta? Wanda ya ce duk mota ɗaya ce, ka karɓi makullinka ka yi masa sallama cikin mutunci.

Naka aikin a yau kaɗan ne. Ka ajiye motar a wuri miƙaƙƙe, da safe tana sanyi ka duba roba daga waje ba tare da ka buɗe ba, ka ja layi, ka ɗauki hoto. Ka shimfiɗa kwali ka kwana da shi. Ka shinshina cikin mota ka taɓa ƙarƙashin kafet. Ka bar caji mai sauri, ka riƙa ajiye ta a waje, kuma ka kai ta cikin kwanakin nan, ba sai wata ya ƙare ba. Idan kuwa wani saƙo ya fito game da batir ko tsarin lantarki, ko motar ta rage ƙarfi da kanta, ko roba ta ƙafe, ko ka ji wani wari mai kaifi ko tsitsitsi daga ƙasa, kada ka tuƙa ta ko zuwa gareji ne. Ka kira janwe irin wanda yake ɗora mota a bayansa gaba ɗaya, don jan ta da tayoyi a ƙasa yana juya injin ya haifar da wuta. Ka aiko min da samfurin motar da shekararta da irin ruwan da ka zuba, in faɗa maka ko batirinta ma ruwa yake sha, da wurin da irinta ta fi yin naso.